Yadda Ake Kama Ɓarayin Barci

Akwai satar da ake tafkawa kowane dare a gidaje da yawa, ba a fasa ƙofa ba, ba a haura katanga ba, kare ma bai yi haushi ba. Da safe maigida ya tashi idanu jajawur, ya yi wa yara tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ya hau babur yana hamma, kuma har ya isa wurin aiki bai san an yi masa ɓarna ba. Abin da aka ɗauke awa biyu ne ko uku na barcinsa. Ɓarayin kuwa duk sanannu ne, yawancinsu ma shi ya shigo da su da hannunsa. Ga yadda ake kama su ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko: a ƙirga dukiyar

A shekarar 2015 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da matsaya cewa baligi yana buƙatar aƙalla awa 7 kowane dare. Da shekara ta zagayo ta fitar da ta yara: ɗan shekara 1 zuwa 2 awa 11 zuwa 14, ɗan shekara 3 zuwa 5 awa 10 zuwa 13 har da barcin rana, ɗan shekara 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12, matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Ke nan ɗan sakandaren da ake yi wa kirari da kasa sarkin barci sau da yawa haƙƙinsa kawai yake nema.

Lissafin baligi ba ya buƙatar alƙalami. A Kano ana kiran asuba wajen ƙarfe biyar, ta ɗan yi gaba ko baya gwargwadon lokacin shekara, kuma ladan ba ya jinkirta kira don wani ya kwanta a makare. Tunda lokacin tashi ya riga ya tsayu, lokacin kwanciya kaɗai ya rage a hannun mutum. Ya ƙirga awa 7 da baya daga ƙarfe biyar, zai sauka a kan ƙarfe goma na dare. Duk abin da ya hana shi kwanciya a wannan lokaci, a rubuta sunansa cikin waɗanda ake tuhuma.

Mataki na biyu: kada a karɓi shaidar maigida

Kowace majalisa tana da mutumin da ke bugun ƙirji yana cewa shi awa huɗu ta ishe shi. A saurare shi cikin ladabi, amma kada a rubuta shaidarsa. A 2003 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania sun taƙaita wa wasu mutane barci zuwa awa 6 har tsawon mako biyu. Da aka gwada natsuwarsu da saurin hankalinsu, sai aka ga sun lalace kusan daidai da na wanda ya yi dare ɗaya ko biyu bai runtsa ba. Su kuwa da aka tambaye su, sai suka ce ɗan barci kaɗan kawai suke ji. Ƙwaƙwalwar da ta gaji ita ce ke auna gajiyarta, shi ya sa ma'aunin ke fitowa a karkace.

Gaskiya ne akwai masu baiwar gajeren barci. A 2009 Ying-Hui Fu da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko sun gano wata uwa da 'yarta masu wani sauyi a ƙwayar halitta, waɗanda awa 6 da 'yan mintoci ke wadatar da su. Irinsu ba su da yawa ko kaɗan, kuma gane su ba wuya: ba sa gyangyaɗi a lokacin huɗubar Juma'a, ba sa kuma neman goro kafin su iya amsa gaisuwa.

Mataki na uku: a binciki aljihu da buta

Ɓarawo na farko a aljihun riga yake kwana, ko a cikin butar shayi. Goro, ganyen shayi, kofi da lemukan gwangwani masu ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin. Tun daga safe ƙwaƙwalwa take tara wani sinadari mai suna adinosin, wanda idan ya yi yawa yake sa mutum jin barci. Kafeyin yana zuwa ya tare wurin da adinosin ke zama, sai gajiya ta taru amma saƙonta ya kasa isowa. Jiki kuma yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin ya fitar da rabin abin da aka sha. Goron da aka ɓare bayan la'asar, rabin ƙarfinsa yana nan a jini har ƙarfe goma. A 2013 wani gwaji a birnin Detroit ya nuna cewa miligiram 400 na kafeyin, ko da awa 6 kafin kwanciya aka sha, yana rage barci da fiye da awa guda.

Hukuncin mai sauƙi ne: goro da shayi mai ganye su yi sallama da azahar. Wanda ba ya son barin teburin mai shayi da dare, sai ya ce a haɗa masa na citta da kanumfari, ban da ganye.

Mataki na huɗu: a kori baƙon da ke kan matashi

Jiki yana da agogonsa, kuma binciken yadda agogon ke aiki ne ya ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel a 2017. Haske ne ke saita shi. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin melatonin, wanda ke shaida wa jiki cewa dare ya yi. Hasken waya a fuska yana jinkirta wannan sanarwa. A wani gwaji da aka yi a Boston, masu karatu a allo mai haske kafin kwanciya sun ƙara kimanin minti 10 kafin barci ya ɗauke su, kuma sun tashi da safe jiki a mace fiye da lokacin da suka karanta littafin takarda.

Amma babbar ɓarnar waya tana cikin maganar nan ta "bari in duba saƙo ɗaya". Saƙo ɗaya ya kai mutum zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, daga nan ya gangara TikTok, uwargida kuma ta ce shafi ɗaya ya rage mata a littafin da take karantawa, sai ga ƙarfe ɗaya. Maganin wannan baƙo shi ne a yi masa shimfiɗa a falo kusa da caja, a sayo agogon ƙararrawa a kasuwa ya karɓi aikin tashin mutane.

Ƙaninsa shi ne ƙwallon dare. Wasannin gasar Zakarun Turai sukan fara ƙarfe takwas ko tara a agogon Najeriya da Nijar, su ƙare wajen goma ko sha ɗaya, sannan a buɗe sabon fili na musu a ƙofar gidan kallo. Wasan dai a kalla, musun kuma a ajiye shi zuwa safe, don sakamakon ba zai canza ba. An ruwaito a Sahihul Buhari cewa Annabi (SAW) ba ya son barci kafin sallar isha'i, ba ya kuma son hira bayanta.

Mataki na biyar: masu shigowa ta taga

Kafin barci ya kama, dole zafin cikin jiki ya ɗan sauka, abin da ke wuya a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda rana ke haura digiri 40, kwanon rufi kuma ya riƙe zafin har tsakar dare. Wani bincike na 2022 da ya bi barcin mutane fiye da 47,000 a ƙasashe 68 ya gano cewa a daren da zafi ya wuce digiri 30 mutum yana rasa kimanin minti 14. Dabarun kakanni suna nan da amfaninsu: wanka kafin kwanciya, yayyafa ruwa a ƙasa, da fitar da shimfiɗa tsakar gida. Sai dai duk inda aka kwanta a kafa gidan sauro mai magani, domin sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro da dare yake farauta.

Janareta kuwa ƙararsa ce ƙaramin laifinsa. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari, wadda ta sha hallaka iyali guda cikin barci. A ajiye shi a fili, nesa da taga, kada a taɓa kunna shi a ɗaki, a soro ko a lungun da iska ba ta ratsawa.

Mataki na shida: ramuwa da ƙa'ida

Wanda aka riga aka yi wa sata yana da ƙailula: minti 20 zuwa 30 wajen azahar. Idan ta zarce awa guda, ko ta koma bayan la'asar, sai ta ci daga rabon dare. Ma'aikatan jinya, masu gadi da direbobin dogon zango su suka fi buƙatarta. A 1997 masu bincike a Ostireliya sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa daidai da na mai barasa a jini a matakin da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi. Direban da ya tashi da asuba, ƙarfe goma na dare ya kai wannan matsayi. Idan ya fara hamma a kan hanya, ya gangara gefe ya runtsa, fasinjoji kuma su yi masa godiya maimakon gunaguni.

Mataki na ƙarshe: waɗanda sai likita

Ɓarayi biyu sun fi ƙarfin mutanen gida. Na farko damuwa ce: kuɗin makaranta, haya, bashi. Wanda ya yi minti 20 yana juyi, gara ya tashi ya zauna a wuri marar haske sosai har barci ya dawo. Idan abin ya kai dare uku a mako har wata uku, asibiti za a je, kada a tsaya a kemis a sayi ƙwayar barci ba da izinin likita ba.

Na biyu minshari ne mai yankewa. Mutum yana jan minshari, sai ya yi shiru na daƙiƙoƙi, sannan ya zabura da shaƙuwa. Hanyar numfashinsa ce ke toshewa, kuma hakan na iya faruwa sau da dama a cikin awa guda ba tare da ya sani ba. Yakan tashi da ciwon kai, ya wuni yana gyangyaɗi, kuma wannan minsharin yana da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya. Yana da magani: rage ƙiba, kwanciya a kan gefe, da na'urar hura iska ta hanci da Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Sidni a 1980. Tunda mai minshari ba ya taɓa yarda yana yi, sai uwargida ta ɗauko wayar nan daga falo dare ɗaya, ta naɗi sautin na 'yan mintoci, da safe ta ce, "Maigida, shirya mu je likita ya saurara."