Wa Zai Zauna a Kan Murfin?

Akwai wani gari a ƙasar Dakoro, kan hanyar da ta baro Tibiri ta miƙe arewa, wanda kwazazzabo ya raba gida biyu. Da rani ba a ganin komai a cikinsa sai awaki da leda da duk abin da mutanen gari suka ƙi ajiyewa a gidajensu. Da damina kuwa ruwan tudu kaf nan yake haɗuwa, ya taho ja wur, ya ci gindin katanga, ya tafi da abin da ya samu. Titi na bin gefensa, kuma ranar kasuwa manyan motocin shanu masu gangarawa Maraɗi da iyakar Najeriya ba sa rage gudu don kowa.

Mazauna bakin ramin, yunwar 1984 ce ta koro yawancinsu daga kwarin Tarka bayan dabbobi sun ƙare. Akwai Fulani, akwai Buzaye, akwai Hausawa manoma da gero ya ƙone musu a tsaye. Mai gari na wancan lokaci ya fito da su bayan gari, ya nuna musu bakin kwazazzabo, ya ce su kafa bukka, Allah ya ba da zaman lafiya. Ba a rubuta komai ba, don a lokacin maganar mai gari ta ishi kowa. Bukka ta zama ɗakin laka, ɗaki ya zama gida, gari ya girma ya zagaye su. Su ne suka yi ta toshe gefen ramin da buhunan yashi da tsofaffin tayoyi, su ne suka dasa dogon yaron da direbobi ke hutawa a inuwarsa. A cikinsu aka sami mai faci, mai shayi, 'yan ga-ruwa, da wata tsohuwa mai fura da kowa ke kira Inna.

Inna tana da igiya ɗaure a ƙafar rumfarta. Da zarar hadari ya haɗo daga gabas, sai ta kira jikokinta ƙanana ta ɗaura musu ita a ƙugu, ɗaya bayan ɗaya, ta riƙe bakin a hannu tana dama fura da ɗayan. Baƙi kan yi dariya. 'Yan unguwa ba sa yi, don sun san shekarar da ta fara, sun kuma san yaron da aka tsinto a bayan gari kwana biyu bayan ruwa ya janye.

Wata rana aka yi shela cewa kowa ya hallara ƙofar mai gari. Injiniya ya zo daga birni da babbar takarda a naɗe. Ya warware ta, yara biyu suka riƙe masa gefe. Za a rufe kwazazzabon da kankare tun daga kai har ƙarshe, ruwa ya riƙa bi ta ƙarƙashi. A kan murfin za a faɗaɗa titi, a jera shaguna, a kafa fitilu masu aiki da hasken rana.

Samari suka ɗauki tafi, kuma suna da gaskiya. Wasunsu sun je Maraɗi a Disambar 2015 lokacin bikin Maraɗi Kolliya, sun ga tituna da fitilu, sun dawo suna tambayar me garinsu ya yi aka manta da shi. Wanda ya taɓa shaƙar warin ramin nan a tsakiyar damina, ko ya raka gawar yaro maƙabarta saboda shi, ba zai ce kada a rufe ba. Ni ma ba zan ce ba.

Wani direba mai zuwa Kano ya ɗaga hannu. Ya ce: "Ranka ya daɗe, na ga irin wannan a Jakara. Zamanin Kwankwaso na biyu aka soma rufe ta don a shimfiɗa titi a kai, wanda ake kira Wuju-Wuju. Aiki ya tsaya shekara da shekaru, mutanen bakin ramin suka zauna da rabin kankare da rabin kwata. Idan an fara namu, wa ya lamunce za a gama?" Aka ce masa kuɗi suna nan a ajiye. Wani da ya yi kasuwanci a Yamai ya ba da labarin yadda aka kwashe rumfunan bakin titi a 2016, da yadda aka gyara hanyar filin jirgi kafin taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019. Ya ce birni ya yi kyau ƙwarai, amma shi tun ranar da aka ɗaga teburinsa bai sake samun wurin da ciniki ya kai na da ba. Aka ce masa nan ba Yamai ba ne.

Sai Mushe, tsohon malamin lakkwal, ya miƙe a hankali. Ya ce a Legas akwai wata unguwa a bakin ruwa mai suna Maroko. A Yulin 1990 gwamnan soja Raji Rasaki ya ba su kwana bakwai, ya ce wurin ƙazanta ne da ambaliya, aka rushe gidajen mutum kusan 300,000. Ruwan da aka ce ya hana talaka zama bai hana mai kuɗi ba, don yau filin yana cikin mafi tsada a Legas. Daga nan ya roƙi abu ɗaya: kafin a zuba buhun siminti guda, a zauna a rubuta sunan kowane mai gida a bakin ramin, a ba shi takarda, a kuma ware wa masu rumfa shagunan farko. Ya tuna musu cewa dokar karkara ta 1993 ta daidaita haƙƙin gado da al'ada da haƙƙin takarda, kuma dokar karɓar fili don amfanin jama'a ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce a biya diyya kafin a tashi mutum. Aka yi masa godiya, aka ce lokaci ya ƙure, masu ba da kuɗi ba sa jira.

Inna ba ta saba magana a taron maza ba. Daga bayan mata ta ce: "Ɗana injiniya, in tambaye ka. In an rufe, wa zai zauna a kan murfin?"

Ya yi murmushi, ya ce: "Inna, kowa zai amfana."

Ta ce: "Kowa ɗin nan, da ni a ciki?"

Ya ce za a duba.

A sahun gaba akwai wani Alhaji da bai ce uffan ba har aka shafa fatiha. Ba shi da abin tambaya, don ya riga kowa ganin takardar. Da masu zana ta yake cin tuwo in ya je birni. Tun kafin girbi dillalinsa ke zagaya 'ya'yan tsohon mai gari ɗaya bayan ɗaya, yana ce musu: "Wannan bakin rami na mahaifinku, me yake ba ku? Ga 'yan jikkuna, ku huta da shi." Suka sa hannu suna murna sun rabu da juji. Aka buga hatimi. Mutanen da ke kwana a kan filin ba wanda ya gaya musu an sayar da ƙasar da ke ƙarƙashin tabarmarsu. Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne wanda ya buga hatimin ya san su sarai, yana shan furar Inna tun yana ɗan lakkwal.

Aiki ya yi kyau, a faɗi gaskiya. An gama shi a kan lokaci, wari ya tafi, sauro ya ragu, ruwa bai ƙara cin yaro a tsakiyar gari ba. Kafin a ƙare zuba kankare aka bi gidajen bakin ramin da jan fenti. Diyya ta fito, ta tafi wurin mai takarda. Gidajen layi na biyu ba a taɓa su ba, amma masu haya a ciki suka ga kuɗin ɗaki ya ninka, suka ɗaure kaya da kansu, ba soja ba ɗan sanda. Mai faci ya nemi shago, aka ce tayoyinsa za su ɓata gaban layi. Inna ma ta tambaya, aka faɗa mata hayar wata guda, ta lissafa ta ga ta fi ribar furarta ta wata uku. An sare dogon yaro don yana tare fuskar shaguna. Da aka zo buɗe titi, samarin da suka yi tafi suka tsaya a bayan igiyar 'yan sanda suna leƙe, babu mai shago ko ɗaya a cikinsu.

Aka nuna wa mutanen unguwar wani fili a ƙasan gari, aka ce su zauna kafin a ga abin da hali zai yi. Sai da ruwan farko ya sauka suka gane inda aka ajiye su: daidai bakin da ruwan da aka rufe yake fitowa, kuma yanzu da ya taho a matse cikin kankare ya fi da ƙarfi.

Inna ta sa jikanta babba ya raka ta ma'aikatar magajin gari. Ta ce wannan karon takarda take so tun da wuri, ko nawa ne za ta tara. Magatakarda ya ce mata: "Inna, ki yi haƙuri, ba a yanka filayen wurin ba tukuna. Ki dawo in an yi awo." A hanyarsu ta komawa yaron ya nuna mata mutum biyu a bayan bukkokinsu suna jan igiyar awo, dillalin Alhaji yana tsaye a gefe yana rubutu a ɗan littafi.