Gizo Mai Gadin Tukunya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Tun Alkalawa tana da ganuwa, zamanin Bawa Jan Gwarzo, kafin yaƙin 1808 ya mai da birnin kufai, Ƙoƙi tana dafa burkutu a bayan gari, bakin Gulbin Rima. Takan jiƙa jar dawa, ta baza a inuwa, ta rufe da ganye, tana yayyafa ruwa har ta yi tsiro. Ta shanya, ta niƙa, ta dafa, ta tace, ta bari ya kwana ya ɗauki tsami. Ƙanshin tsiro kuwa ba ya ɓuya. Ƙudaje suka zo, zuma ta zo, tururuwa ta jero har gindin murhu.

Ƙoƙi ba baƙuwar aikin ba ce. Ta kewaye tukunya da toka, ta kife faifai a baki, ta hura busasshen kashin shanu ta inda iska ke tasowa. Ƙuda ɗaya ko biyu da suka faɗa, ta sa ludayi ta kwashe.

Gizo na kwance a inuwa yana kallo. Ya ce, "Uwargida, kina wahala. Ƙuda ai sana'ata ce. Ladana ludayi ɗaya."

Ta ce, "To, maigida."

Ya saƙa yana. Ya kama ƙuda bakwai, ya jera su a kan ganye don masu wucewa su gani. Kwana biyu ƙuda ya ragu, Gizo ya ga ludayinsa na shirin kuɓucewa. Tsakar dare ya share tokar, ya kwara wa hayaƙin ruwa, ya tuttule jiƙaƙƙiyar dusa bayan danga. Gari na wayewa, faifai ya yi baƙi ƙirin. Lada ya tashi daga ludayi ya koma ƙwarya.

Kura ta ji labari, ta iso. Ta ce abin ya fi ƙarfin Gizo, ita za ta tsare hanya. Ba a taɓa ganin kura ta kama ƙuda ba, amma wa zai gaya mata? Ta yanka wa Ƙoƙi ƙwarya biyu kafin a hura wuta, uku kafin a sauke. Ranar da ba a dafa ba, a auna mata dawa.

Ƙoƙi ta kai kuka fada. Aka kira Gizo, ya faɗi ya yi gaisuwa. "Yanka shi daɗe, ba don mu ba, da ƙudaje sun ɗauke tukunyay!"

Zaki ya ce a kawo ya ga ɓarnar da idonsa. Ya ɗanɗana. Ya sake ɗanɗanawa. Da ya hango gindin tukunya, ya yanke hukunci: a ƙara Dila cikin masu gadi, kuma duk dahuwa ta uku ta fada ce.

Ƙoƙi ta koma gida, ta leƙa rumbu, babu ko irin shuka. Ba ta ce uffan ba. Da asuba ta ɗaure faifanta da ludayinta, ta ƙetare gulbi, ta yi gabas, wajen da Gobirawa suka kafa Tsibiri daga baya.

Hantsi ya yi, Kura ta zo da ƙwarya, Dila na bayanta, ɗan saƙon fada na bayan Dila. Murhu ya yi sanyi. Duk suka juyo suka zuba wa Gizo ido.

Gizo ya ɗaga hanci sama. "Ku dakata. Ina jin ƙanshin tsiyo ta wajen Isa. Bushiya ce ke dahuwa, kuma ba ta da mai gadi."

Ya naɗe yanarsa, ya ɗebi dusa a jaka, ya shige gaba.

Ƙurunƙus kan kusu.