Kofunan Baƙi da Kofunan Majalisa

Mu dai a unguwar nan shayi kashi biyu ne, na cikin gida da na ƙofar gida, kowanne da dokarsa.

A cikin gida, da wuya ka samu Hajiyar da ba ta da tsofaffin kofunan gilashi masu bakin ruwan zinari, da kwalbar ganyen shayi mai murfin tangaran, ko na jerenta ko tsarabar Makka. Suna nan cikin kabet ana goge su duk Juma'a, amma ba mai shan komai da su. Yaro ya kuskura ya miƙa hannu, sai ka ji, "Kai! Na baƙi ne!" Baƙin in sun zo kuma, sai a leƙa a ga ba su kai ba, a kawo musu filas da kofin roba. Ita kuwa kwalbar, ganyenta ya ƙare tun zamanin Shagari, yanzu kanumfari ne da maɓallan riga a ciki.

A ƙofar gida kuwa, wajen Buzaye muka ɗauko hannu. Koren ganye daga ƙasar Sin, 'yar buta a kan garwashi, na'ana'a, sai sukari kamar ba a san tsadarsa ba. Ƙananan kofuna uku kacal, mutum goma na jira. Mai dafawa ya ɗaga buta sama ya tsiyayo siriri, ya yi ta juye wannan kofi cikin wancan har kumfa ta kai rabi, ya kurɓa, ya girgiza kai, ya mayar wuta. Babba ake fara miƙa wa, ya shanye da zafinsa a ɗauraye a ba na gaba. Zagaye na farko ɗaci, na biyu daidai baki, na uku zaƙi zalla, rabon yara da makararru. 'Yan uwanmu na Damagaram da Yamai fada suke kiran irin wannan zama, mu majalisa.

Kowace majalisa kuma tana da gwaninta. Bai taɓa sayen gawayin naira ɗari ba, amma shi ke fara cewa, "Malam, yau shayin nan ya yi ruwa."

To, in Allah ya kawo ka wajenmu, bismilla, akwai tabarma. Ka dai taho da ƙullin sukarinka, kuma kada ka miƙe sai an sha na uku.