Masu Farautar Tsohon Kwali

A da, kafin littafin komik ya fito daga maɗaba'a, sai an zana kowane shafinsa da hannu a kan farin kwali mai kauri. Wani ya shata da fensir, wani ya bi sawu da baƙar tawada, wani ya rubuta maganganun da ke fitowa daga bakin mutanen labarin. Da an buga littafi, aikin kwali ya ƙare. A Amurka, har cikin shekarun 1960, manyan kamfanoni irin su DC ba su ɗauke shi a bakin komai ba: wani a ba yaron da ya zo ganin ofis, wani a yayyanka, wani a kai wuta. Yau wannan tarkacen ne ake rububinsa a gidajen gwanjo na Dallas da Paris, kuma ya tara wa kansa jama'a, kowa da irin tasa cutar.

Wanda za ka fi cin karo da shi shi ne mai neman ƙuruciyarsa. Ya ba hamsin baya, furfura ta keto, kuɗi sun zauna, sai ya tuna wani littafi da ya karanta yana ɗan shekara goma, kwance a ƙasan ɗaki. In ka nuna masa zanen da ya fi wancan kyau nesa ba kusa ba, ko kallo bai ishe shi ba. Shi dai wancan shafin. Irin wannan zazzaɓi ne ya sa a watan Janairun 2022 gidan gwanjo na Heritage ya sayar da shafi na 25 na Secret Wars fitowa ta 8, na shekarar 1984, a kan dala miliyan 3.36. Mike Zeck da ya zana shi gwani ne, ba musu, amma ba gwanintarsa aka biya ba. A shafin ne Spider-Man ya fara sanya baƙaƙen kaya a cikin labarin, kuma yaran da suka buɗe baki suna kallo a 1984 su ne yau ke sa hannu a takardun banki.

Kusa da shi a zauren gwanjo akwai ɗan lissafi, wanda bai taɓa karanta littafin ba, ba kuma ya da niyya. Ba ya cewa zane, sai dai kadara. Ya haddace ƙa'idojin kasuwa sarai: bango ya fi shafin ciki, shafi mai babban hoto ɗaya ya fi mai ƙananan gidaje shida, fitowar jarumi ta farko ta fi duk na bayanta. Yana duba shafi yana ƙirga sau nawa Batman ya bayyana cikin kayan aiki. In Bruce Wayne ne, wato Batman ba kayan aiki, zaune cikin kwat yana shan shayi da hadiminsa, komai kyan zanen, sai ya taɓe baki ya ce babu kowa a ciki.

Ni dai a cikinsu duka na fi son malam mai shinshina, ko da yake zama da shi sai mai haƙuri. Shi abin da wasu ke kira aibu shi ne abincinsa. Ba ya kallon shafi daga nesa. Sai ya kai hancinsa dab da kwali, ya karkata shi wajen haske. Zai nuna maka sauran shuɗin fensir da maɗaba'a ba ta ɗauka, da farin fentin da aka shafe kuskure da shi, da inda gam ya tsufa ya koma ruwan ƙasa har maganar da aka liƙa ta fara ɗagowa. In ya samu shafin mai zane Jack Kirby mai 'yan rubuce-rubucen da yakan yi wa marubuci Stan Lee a gefe, yana bayanin abin da ke faruwa a kowane gida, to ka nemi kujera, don har la'asar kana nan. Yana iya yin awa guda a kan wa ya bi fensirin da tawada, Joe Sinnott ne ko Vince Colletta, kuma in na biyun ne sai ka ga ya yi jugum kamar an yi masa rasuwa, domin an san Colletta da goge abin da ya ga zai ci masa lokaci. Malam ba shi da kuɗi sosai. Ilimin yana wurinsa, shafukan suna wurin ɗan lissafi.

Ɓoyau kuwa ba wanda ya san kamanninsa. Ta waya yake taya kaya, kuma duk shafin da ya shiga hannunsa an yi sallama da shi ke nan. Ba ya rataya shi a bango don haske na cin takarda, ba ya nuna wa baƙo don baƙo na da baki. In ka matsa masa zai ce ba na sayarwa ba ne, wanda a yarensu yana nufin ba ka taya da kyau ba. Amma a yi masa adalci, wani lokaci yakan ba da mamaki. A 2008 wani da ya ƙi a faɗi sunansa ya kai wa Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka asalin shafuka 24 na Amazing Fantasy fitowa ta 15, inda Steve Ditko ya fara zana Spider-Man a 1962. Kyauta. Ɗan lissafi har yau bai gama warkewa ba.

Akwai Alhaji Da-na-sani, wanda ba shi da ko falle ɗaya sai tarihin waɗanda ya ƙi saya. Kowane farashi aka ambata zai ce ya ga wannan shafin a taron komik na San Diego ana neman dala hamsin, ya ce ya yi tsada. Akwai kuma ɗan wayo da ke bin layin masu zane a taro yana roƙon a yi wa ɗansa ɗan hoto, kafin magariba hoton yana eBay. Masu zane sun gano shi, shi ya sa suke tambayar sunan yaron su rangaɗa shi a tsakiyar takarda.

Sai magaji, wanda dukiya ke kwana a gidansa bai sani ba. Wanda ya yi makaranta a Nijar ya san Tintin da karensa Milou. A 1936 Hergé, ɗan ƙasar Beljiyam da ya ƙirƙiro Tintin, ya yi wa littafinsa Le Lotus bleu zanen bango mai launi, kamfanin Casterman ya ce buga shi zai ci kuɗi, aka yi wani. Yadda ake ba da labari, Hergé ya ba da zanen na farko ga ɗan mai kamfanin, yaro ɗan shekara bakwai, shi kuma ya ninke shi shida ya jefa a aljihun tebur. A Janairun 2021 gidan gwanjo na Artcurial a Paris ya sayar da shi, da alamun ninkinsa, a kan kusan yuro miliyan 3.2. Tun daga ranar, duk magajin da ya tsinci wata takarda mai hoton kare a akwatin kaka sai ya fara duba farashin gidaje. Dillali ne ke da aikin gaya masa cewa nasa bugun maɗaba'a ne, irinsa dubbai. In ma na asali ne, takardar ya mallaka. Ikon buga hoton yana hannun wasu, kuma masu kula da gādon Hergé ba a san su da wasa ba a kan wannan.

Shi kansa mai zanen fa? Kirby ya yi shekaru yana ja-in-ja da kamfanin Marvel a kan a mayar masa da kayansa. A 1987 aka ba shi wajen shafuka 2,000 daga cikin fiye da 10,000 da ake ƙiyasin ya zana musu. Sauran sun bi iska, ko da yake iskar takan ajiye su a gidan gwanjo lokaci-lokaci. Masu zanen yanzu da yawa a kwamfuta suke aiki, ba kwali ba tawada, wanda ya jefa mai shinshina cikin baƙin ciki. Wasunsu sun samo dabara: su buga kwafi ɗaya tak, su sa hannu, su yi alkawarin ba za su sake danna maɓallin ba. Ɗan lissafi yana saye, amma sai ya nemi a rubuta masa alkawarin.