Masu Jiran Sabon Kekenka a Jalingo

Keken tsere mai tsada yakan fito daga kwali ba feda, wai don kowa ya zaɓi wadda ta dace da ƙafarsa. Da masu ƙera shi sun san Jalingo, da ba su yi wannan gangancin ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 keke ya dawo da martabarsa, malaman feda kuma suka cika gari.

Shugabansu shi ne Ɗalibin YouTube. Bai taɓa wuce Mile Six a kan keke ba, amma ya san kamfanin Look na Faransa ne ya fito da feda mai kama takalmi a 1984, kuma da ita Bernard Hinault ya lashe gasar Tour de France a 1985. Zai tsare ka a teburin mai shayi, ya zana maka a ƙasa bambancin ƙarfen takalmin SPD mai noti biyu da na SPD-SL mai noti uku, har shayinka ya yi sanyi. "Yallaɓai, shimfiɗaɗɗiyar feda ta yara ce. Ƙarfin ƙafarka zubewa yake yi a banza."

Ranar da ya sa nasa takalmin, sai ka ji shi tun daga nesa, ƙwas-ƙwas, yana tafiya kamar agwagwa a kan siminti. Ya hau, ya kama hanya, ya iso Roadblock. Mai Keke Napep ya ci birki a gabansa. Nan ilimi ya gudu, ya manta sai an murɗa diddige waje ƙafa ke fita. Ya kife a hankali, cikin mutunci, keke na manne da shi. Ya tashi ya kakkaɓe jiki, ya sanar da 'yan kallo cewa ko a Turai kowa sai ya yi wannan faɗuwar.

Sai Baba mai tsohon Raleigh. "Yaro, ni da silifas na ɗauko doya daga Zing. Keke kuma har da takalminsa? Allah ya kyauta."

Ga mai gwanjo a babbar kasuwa. Ƙafarka lamba 44, ya miƙo 41. "Sa kawai, zai buɗe." Takalmin da ƙasansa ko lanƙwasuwa ba ya yi.

Ga mai lissafi, wanda ko me ka ce ka saya sai ya mayar da kuɗin buhunan masara, ya girgiza kai.

Akwai kuma wani bawan Allah da ya sayi feda iri biyu da takalmi, ya jera su a ɗaki yana jiran rana ta yi sauƙi, a Jalingo fa. Kafin nan yana rubuce-rubuce a kan halayen mutane. A bar shi, ba ya cutar kowa.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai gyara da ƙarfin tsiya. Masu gyaran kirki suna nan da yawa, kuma ko yaransu sun san tiredin fedar hagu a juye yake, ga harafin L da R an buga a jiki. Shi wannan ba ya dubawa. Ya cusa ta dama a hagu, ta ƙi shiga, ya ɗauko sifana mai lamba 15, ya zura mata bututu, ya taka da ƙafa. Tiredi ya cinye. Kana tsaye, keken ko ƙura bai sha ba, ya dube ka ba kunya: "Oga, haka suke zuwa, kayan yanzu ba ƙwari." Ya tura ka wurin mai walda, alhali ƙarfen da fedar ke shiga na alminiyom ne, dole ka jira a aiko da wani daga Kano ko Legas.

Sauran duk surutu suke ba ka, kyauta. Wannan ya lalata maka kaya, sannan ya miƙo hannu a biya shi kuɗin aiki.