Sifaniyanci a Bakin Ɗan Yaye

Harshe na biyu, a wurin masana, shi ne wanda yaro ke koya bayan wanda ya sha a nono, sai dai a Rafin Guza lissafin bai tsaya nan ba, domin kafin ɗan yaye ya iya ɗaura wando, Larabcin makarantar allo da Turancin nazare sun riga sun kama layi, saboda haka Sifaniyanci na huɗu ne. Yawanci ta gidan kallon ƙwallo yake shigowa, inda uba mai goyon bayan Real Madrid ko Barcelona ke tsinto 'yan kalmomi ya kai gida.

Hausa da Sifaniyanci suna da dangantaka ta aro, tunda mulkin Musulmi a Andalus, daga 711 zuwa 1492, ya bar wa Sifaniyawa alcalde, wato magajin gari, wanda tushensa ɗaya da alƙali. Matsalar tana wajen furuci, don idan yaro ya nemi agua, wato ruwa, kakarsa agwagwa take ji. Ita kuwa kalmar kaka, a bakin yaran Sifen, sunan abin da ake wankewa daga fo ne, bayanin da har yau uban bai sami ƙarfin halin yi wa tsohuwa ba.