Ina Ruwan Lagireto Yake Zuwa?

Ruwan lagireto ba shi da fiffike. Idan ka cika shi da safe a Kano, ka isa Zariya ka tarar ya ja baya, to akwai ƙofar da ya bi: ko tiyo ya tsage, ko kilif ya saki, ko murfi ya gaji, ko famfon ruwa na ɗiga, ko kuma, Allah ya kiyaye, injin ne da kansa yake shanye shi. Amma zaman bencin da na sha a gareji ya nuna mini cewa masu neman ƙofar nan ba su da yawa. Sauran kowa da tasa hikimar.

Akwai Mai Jarka. Da shi zan fara, don ni ma na yi wannan ajin, har na kusa zama monita. But ɗin motarsa ba ya rabuwa da jarka mai lita 25, kuma ya san kowace rijiya da famfon masallaci daga Kura zuwa Kwanar Ɗangora, har Tashar Yari. In ka yi masa magana sai ya ce, "Ai lafiyarta ƙalau, ruwa kawai take so," kamar mai lambun albasa. Ruwan rijiyar nan kuwa yana barin ƙasa da tsatsa a siraran bututun lagireto har su toshe. Ka ce masa ya sayi kulan, koren nan ko ja da ake gaurayawa rabi da rabi da ruwa mai tsabta don hana tsatsa, sai ya ce shi bai sha lemo ba, mota ce za ta sha? Kada dai a ajiye shi a robar lemo inda yara suke: yana da zaƙi, kuma guba ne.

Sai Jarumi. Mota na tsayawa tana huci, shi ne farkon dirowa, ya cire hularsa ya damƙi murfin lagireto. Abin da bai sani ba shi ne murfin nan ba ado ba ne. Yana danne ruwan ne da matsi, ta yadda ruwan da ya saba tafasa a digiri 100 zai kai wajen 120 bai tafasa ba. Kana murɗawa, sai ya tashi gaba ɗaya ya nufi fuskarka. Ana gane Jarumi da farin tabo a bayan hannu. In ya tsira kuma, sai ya kwarara ruwan sanyi a injin da ke wuta, kan injin na alminiyam ya lanƙwashe ko ya tsage. Da ya jira minti 30 a inuwa, da an huta.

Boka shi ba ya ɗaga murya. Zai matso kusa da kunnenka ya ce a samo ɗanyen ƙwai. Wani barkono ne nasa, wani garin taba, wani sabulu. Gaskiya ɗaya ce, wani lokaci abin yana toshe ƙaramar huda har ka isa gida. Sai dai ƙwai bai san huda daga hanya ba, duk inda ya samu nan yake dahuwa. Na taɓa ganin an buɗe lagireton wata tsohuwar Fijo 504, wani yaron gareji ya leƙa ya ce, "Oga, daddawa kaɗai ta rage."

A cikin makanikai kuwa akwai Malam Ƙasar Sanyi. Duk motar da aka shigo da ita daga Kwatano, abu na farko shi ne ya zare tamostat ya jefar. "Wannan na Turawa ne, Alhaji, mu nan zafi muke fama da shi." Daga nan ya ɗaure fanka kai tsaye, ta yi ta juyawa tun daga kunna makulli. Alhali aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa har injin ya ɗumama, sannan ya buɗe a wajen digiri 80 zuwa 90. Ba tare da shi ba injin na daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, yana ƙara cin mai. Allurar zafi ta kwanta, mai mota ya yi murna, tiyo na can yana ɗigarsa.

Ƙaninsa shi ne Gaskit Ne. Yana zaune ƙarƙashin darbejiya da rake a hannu, ba ka gama sallama ba ya yanke hukunci: a sauke kan injin. To gaskit ɗin kan injin in ya ƙone yawanci ba ya ɓuya. Za ka ga farin hayaƙi mai kauri daga salansa ko bayan injin ya ɗumama, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko kumfa na tasowa a bakin lagireto. Shi bai duba ko ɗaya ba, ya riga ya tura yaro Ƙofar Ruwa sayen sabon gaskit.

Na bar fasinjan da ya ce sammu ne, da Alhajin da bai taɓa kallon allurar zafi ba sai da tururi ya rufe gilashi.

Wanda ya raba ni da jarka wani dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya ce, "Ɗana, bar motar ta kwana." Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta. Da safe kwali a bushe. Ya zaro sandar mai ya duba, ya shafa kafet ɗin gaba ko hita ce ke yoyo, ya matsa kowane tiyo da yatsa, ya haska ƙasan famfon ruwa da tocila yana neman farin sawu. Ya ɗaura wani ɗan famfon gwaji a bakin lagireto ya buga iska, allurarsa ba ta sauka ba. Sannan ya juya murfin ya miƙo mini: robar ta tsattsage kamar diddigen manomi. Ashe sai mota ta yi zafi a kan hanya ruwan yake ficewa ta nan, shi ya sa ba na ganin komai a ƙofar gida.

Kuɗin sabon murfin bai kai na man da nake ƙonawa a yini ɗaya ba. Jarkar kuma tana gida, uwargida na tara ruwan wanke-wanke a ciki.